Zaɓen Injin Daddatsa Ciyawa Mai Wuƙaƙen Lilo Domin Ƙaramar Gona

Tsakure

Maƙalar ta duba ma'aunan zaɓen injin daddatsa ciyawa da ake ɗaura wa tarakta. Matsayarta ita ce ƙarfin tarakta da irin abin da za a yanka su ne ke yanke hukunci, faɗin injin kuwa daga baya yake zuwa.

Ƙirar injin

Injin bututun ƙarfe ne kwance, an rataya masa wuƙaƙe masu lilo, yana juyawa wajen sau 2,000 a minti a cikin rufaffen gida. Idan wuƙa ta daki dutse sai ta kauce baya, shi ya sa ba ya watso tsakuwa kamar inji mai faffaɗar wuƙa guda. Juyin yana fitowa daga shaf ɗin bayan tarakta, wanda makanikai ke kira PTO, mai juyi 540 a minti, ya bi ta giyabos, sannan bel ya kai shi ga bututun.

Dacewa da tarakta

Ƙarfin dokin da ake rubutawa a jikin tarakta na injinta ne. Wanda ke isa shaf bai kai haka ba, kuma da shi ya kamata a yi lissafi. Tarakta mai ƙarfin doki 25 zuwa 35 ta fi sakewa da inji mai faɗin mita 1.2 zuwa 1.5, muddin faɗin ya rufe sawun tayoyinta. Maɗaurin baya mai kafa uku, wanda Harry Ferguson ya yi wa rajista a Ingila a 1926, shi ma aji-aji ne: fil ɗin ƙasa na aji na ɗaya milimita 22 ne, na aji na biyu 28. Batun dacewar ya shafi manomin da ke hayar Massey Ferguson 375, domin ƙaramin inji da aka ɗaura wa tarakta mai doki 75 giyabos ɗinsa ne ke shan wahala.

Inji mai mita 1.5 da ke tafiyar kilomita 4 a awa zai share kadada 0.6 a lissafin takarda. Kwana a bakin gona da tsayawa suna rage wannan, amma ko rabin kadada a awa ya wadaci mai kadada uku. Saboda haka ƙarin faɗi kashe kuɗi ne kawai.

Wuƙa ko guduma

Siraran wuƙaƙe masu baki biyu sun dace da ɗanyar ciyawa, kuma ba sa cin ƙarfi sosai. Busasshen karan masara da na dawa, da tohon sabara a saura, sai guduma mai nauyi. Sharaɗi guda ba ya canzawa: idan guduma ɗaya ta karye, a sauya ta tare da kishiyarta ta ɗaya ɓangaren, in ba haka ba girgiza za ta cinye boris. Mai saye ya fara tambayar inda zai samu bel da guduma kafin ya tambayi farashi.

A ƙasar Hausa akwai tambayar da ta riga waɗannan duka: ya dace ma a daddatsa karan? Kara ba shara ba ne: abincin dabba ne da rani, da shi ake danga, da shi ake girki, ga harawa da ake sayarwa dami-dami. Daddatsa shi a gona asara ce ga mai shanu, ko da yake yana tona tsutsar da ke kwana cikin busasshen karan dawa har damina. Inda injin ya fi biyan kuɗinsa shi ne inda ake cinna wa ragowa wuta, kamar kututturen shinkafa a filayen noman rani na Kadawa da Bakolori, sai kuma tsakanin layukan mangwaro da gwaba. A lambu, inji mai gocewa gefe da haidirolik ne ke isa gindin bishiya ba tare da tarakta ta karya rassa ba.