Mai Noma da Mai Ci: Tarihin Shinkafa a Ƙauyukan Japan

Baƙon da ya bar hayaniyar Tokyo ya kwana a gidan manomi a lardin Niigata, abin da ke fara ɗaukar idonsa shi ne fadamun shinkafa, an yanka su falle-falle, ruwa kwance a ciki yana nuna hoton duwatsu. Da safe a kawo masa farar shinkafa a ɗan kwano, da romon miso, da gasasshen kifi, da kayan lambu da aka tsima a gishiri. Sai ya koma gida yana ba da labarin cewa ya ga rayuwar da manoman ƙasar suka gada tun kaka da kakanni. Rabin maganarsa gaskiya ce. Noman shinkafar ya haura shekara 2,500 tun da ya shigo ta arewacin tsibirin Kyushu. Amma manomin da ke cin abin da ya noma, a gonar da ta zama tasa, bai cika shekara ɗari da zama ruwan dare a yawancin ƙauyukan ba.

Tsawon ƙarnuka, shinkafa a Japan dukiyar sarauta ce kafin ta zama abinci. Daga 1582 jagoran yaƙi Toyotomi Hideyoshi ya sa aka bi gonaki ana aunawa, ana rubuta yawan abin da kowace za ta bayar da sunan wanda zai biya harajinta, sannan a 1588 ya ba da umarnin ƙwace takubba daga hannun manoma. Ma'aunin da aka yi aiki da shi shi ne koku, kimanin kilo 150, wato abin da ake ƙiyasta zai ciyar da mutum ɗaya shekara guda. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, ba a kiran basarake daimyo sai ƙasarsa ta kai koku 10,000, gidan Maeda na Kaga kuwa ya zarce miliyan. Da shinkafa ake biyan samurai albashi, ita ake kwasa a jiragen ruwa zuwa Osaka, inda hukuma ta amince da kasuwar Dojima a 1730. Harajin da ke kan manomi yakan kai kashi huɗu ko biyar cikin goma na amfanin gonarsa. A ƙauyuka da dama, musamman na kan tudu, tukunyar yau da kullum sha'ir ce da dangin gero, a yayyafa 'yar shinkafa, a cika da ganye da farin tushen daikon. Da sanyi ya kashe amfanin gona a yunwar Tenmei ta shekarun 1780, waɗanda suka fi mutuwa a arewa maso gabas su ne masu noman.

Faɗuwar mulkin samurai ba ta sauke wannan kaya ba. Dokar 1873 ta mayar da haraji kuɗi, kashi 3 cikin ɗari na darajar fili, ko damina ta yi kyau ko ta ɓaci. Da farashin shinkafa ya karye a shekarun 1880, ƙananan manoma suka jinginar da gonakinsu, suka wayi gari suna haya a inda iyayensu suka noma, suna miƙa kusan rabin girbi ga mai fili. Zuwa lokacin yaƙin duniya na biyu, kusan rabin ƙasar noma a hannun 'yan haya take. Abin ya juya ne da dokar Oktoban 1946. Gwamnati ta saye duk gonakin masu filin da ba sa zaune a ƙauyen, ta bar wa mazauna kimanin hekta ɗaya ta haya, ta sayar da sauran ga masu nomawa. Hauhawar farashi ta mayar da kuɗin tamkar kyauta. Zuwa 1950, kusan hekta miliyan biyu sun sauya hannu, gonakin haya suka ragu zuwa kashi 10 cikin ɗari.

Wani zai ce ai martabar shinkafa a zuciyar mutanen Japan ta girmi duk waɗannan dokoki. Haka ne. Kalmar gohan tana nufin dafaffiyar shinkafa, tana kuma nufin abinci gaba ɗaya, kuma har yau sarkin ƙasar yana miƙa sabon girbi a bikin Niinamesai ranar 23 ga Nuwamba. Gayyar da suke kira yui, wadda ake haɗuwa a yi dashe ko a yashe magudanar ruwa, ita ma tsohuwa ce, domin ruwan da ya fita daga fadamar wani shi ke shiga ta maƙwabcinsa. Akwai kuma masana tarihi da suka nuna cewa girbi ya ƙaru a zamanin Edo fiye da abin da aka rubuta a littafin haraji, don haka wasu manoman sun samu rara. Sai dai duk wannan bai rushe maganar ba. Abin da mutum ke jira sai ranar biki ko sabuwar shekara kafin ya ci ya ƙoshi, dole ya girmama shi. Ƙarancinta a kwanon talaka yana cikin dalilan tsarkinta.

Wani kuma zai ce Amurkawa ne suka tilasta rabon, kuma shi ya bar ƙasar da ƙananan gonakin da matasa ke gudu. Matsin sojojin Amurka da suka mamaye ƙasar bayan yaƙin gaskiya ne, amma 'yan haya sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa tun 1922, kuma gwamnatin Japan ce ta fara kawo dokar farko a ƙarshen 1945, ko da yake mai rauni ce. Batun tsufan ƙauye shi ma ba a musunsa: matsakaicin manomi a yau yana dab da shekara 70, kuma cin shinkafar mutum ɗaya a shekara ya sauko daga kilo 118 a 1962 zuwa kusan 50. Amma masana'antun birni ne suka janye matasan, kuma sun tafi da ilimin da kuɗin gonar iyayensu ya biya, abin da ɗan haya bai cika iya yi wa ɗansa ba.

Saboda haka tsohuwar da ta durƙusa ta zuba wa baƙo shinkafa daga tukunyarta, tana nuna masa fadamar da aka nome ta ta taga, tarihi take miƙa masa. Mai yiwuwa kakarta ta yi dashe a wannan fadama, ruwa har ƙauri, ta kuma tsaya tana kallo ana ɗora buhunan a kan amalanke zuwa rumbun wani.