Fiya

Fiya, wadda wasu ke kira piya ko abokado, ɗiyar wata bishiya ce da masana tsirrai suka sa wa suna Persea americana. Ɓawonta kore ne, wani irin kuma yakan yi duhu idan ya nuna. Tsokarta na da laushi, kore-kore daga gefen ɓawo, ruwan ɗorawa daga ciki, da ƙwallo guda babba a tsakiya. Abin da ya bambanta ta da sauran kayan marmari shi ne maiƙonta. Mangwaro da ayaba da gwanda zaƙi suka tara, ita kuwa sukarin da ke cikin giram 100 nata bai kai giram 1 ba, alhali man ya kusa giram 15. Yawancin amfanin da take yi wa jiki daga wannan mai yake fitowa, sai kuma faiba da fotasiyam.

Asali da yaɗuwa

Asalinta ƙasar Meziko ne da tsakiyar nahiyar Amurka. A kogon Coxcatlán da ke jihar Puebla an tono ragowar ƙwallayenta da suka kai wajen shekara 9,000 zuwa 10,000. Turawan Sifen sun tarar da mutanen yankin suna nomanta, kuma Martín Fernández de Enciso ya bayyana ta a littafinsa na 1519. Daga nan jiragen ruwa suka kai ta sauran ƙasashe masu ɗumi.

Iri uku ne manya: na Meziko, na Guwatamala, da na tsibiran Karibiyan. Wadda ta mamaye kasuwar duniya ita ce Hass, ƙarama mai kaushin ɓawo da ke baƙi idan ta nuna. Sunan wani ma'aikacin gidan waya ne a Kalifoniya, Rudolph Hass, wanda ya dasa uwar bishiyar a 1926, ya yi mata rajista a 1935. Meziko ce kan gaba a noma, musamman jihar Michoacán, sai ƙasashe irin su Kolombiya, Peru, Jamhuriyar Dominika da Indunusiya. A Afirka Kenya ce ta fi kowa, Habasha na biye. A Najeriya tana yi a jihohin kudu da wurare masu tudu da sanyi kamar Filato da Mambila, a Kamaru kuma garin Mbouda ya yi suna da ita. Bishiyar ba ta jure tsananin zafi da busasshiyar iska, ba ta kuma son ruwa ya kwanta mata a saiwa, shi ya sa wadda ake gani a teburan masu kayan marmari a Kano ko Sakkwato daga nesa ake kawo ta. Wadda aka shuka da ƙwallo takan ɗauki shekara 5 zuwa sama da 10 kafin ta haihu, 'yar aure kuwa shekara 3 zuwa 4.

Abin da ke cikinta

Bisa ƙididdigar ma'aikatar noma ta Amurka, giram 100 na tsokar fiya na ɗauke da kalori 160, ruwa giram 73, mai giram 14.7, faiba giram 6.7, da furotin giram 2. Fotasiyam miligiram 485 ne, ya ɗara na ayaba mai 358, sodiyam kuwa miligiram 7 kacal. Akwai folet maikurogiram 81, bitamin K maikurogiram 21, bitamin C miligiram 10, bitamin E miligiram 2, da magnisiyam miligiram 29. Manyan nan masu santsin ɓawo na jinsin Karibiyan sun fi ruwa, man nasu wajen giram 10 ne, kalorin kuma 120.

Fiye da kashi 2 cikin 3 na man irin wanda ba ya daskarewa ne, akasarinsa sinadarin oleyik, wanda shi ne jigon man zaitun, yana kuma da yawa a man gyaɗa. Kitse mai daskarewa, irin wanda ya yi yawa a bota da man shanu da kitsen nama, giram 2 ne kawai. Babu kolestarol a cikinta, kamar dai kowane tsiro.

Zuciya da jijiyoyin jini

A nan ne hujja ta fi ƙarfi, a nan ne kuma aka fi zuzuta ta fiye da kima. Kolestarol ɗin da ake kira LDL shi ke taruwa a bangon jijiya har hanyar jini ta ƙuntata. Kitse mai daskarewa yana ɗaga shi, mai irin na fiya yana saukar da shi idan ya maye gurbin wancan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada kitse mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a yini.

A 2015 masana a Jami'ar Jihar Pennsylvania sun gwada mutum 45 masu ƙiba da tsarin abinci iri uku, kowanne na mako 5. A tsarin da ake cin fiya guda kullum LDL ya sauka da miligiram 13.5 a kowace desilita ta jini, a sauran biyun da babu fiya ya sauka da 8.3 da 7.4. A 2022 kuma masana na Harvard suka fitar da sakamakon bibiyar mata 68,786 da maza 41,701 na tsawon shekara 30. Waɗanda ke cin rabin fiya sau biyu ko fiye a mako sun sami ragin kashi 16 cikin 100 na haɗarin cututtukan zuciya da jijiyoyi, da ragin kashi 21 na ciwon toshewar jijiyar zuciya, idan aka kwatanta da waɗanda ba sa ci. Ba a ga bambanci a shanyewar ɓarin jiki ba.

Wani sashe na wannan bincike ya fi waɗannan alƙaluma amfani ga mai cefane. Ragin ya bayyana ne inda fiya ta maye gurbin bota, majarin, cuku, ƙwai ko sarrafaffen nama. Inda ta maye gurbin man zaitun ko 'ya'yan itatuwa masu mai dangin gyaɗa, ba a ga wani ƙari ba. Ke nan wanda ya bar shafa bota ko majarin a burodin karin kumallo, ya murje rabin fiya da ɗan gishiri ya shafa, ya yi canji mai ma'ana. Haka mai sa ta a salak a maimakon mayonis ko bama. Wanda kuwa ya ɗora ta kan duk abin da ya saba ci, kalori kawai ya ƙara.

Gwaji mafi girma da aka yi ya nuna iyakar abin. Mutum 1,008 masu teɓa aka raba gida biyu a Amurka, rabi suna cin fiya guda kullum har wata 6, rabi suna cin abincinsu na yau da kullum. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna kitsen ciki bai ragu ba, LDL ya sauka da kusan miligiram 2.5 kawai, amma kuma nauyinsu bai ƙaru ba. Ya kamata a san cewa hukumar masu noma da fataucin Hass a Amurka ce ta ɗauki nauyin wannan gwaji da na Pennsylvania, da wasu da dama. Bibiya irin ta Harvard kuma alaƙa kawai take nunawa, ba sanadi ba, domin masu cin fiya sau da yawa su ne masu kula da sauran abincinsu.

Game da hawan jini, fotasiyam na taimaka wa ƙoda fitar da gishiri, yana kuma sassauta jijiyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla miligiram 3,510 a yini, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Fiya na cike wani kaso na wannan buƙata, tare da wake, alayyafo, dankali da ayaba. Ba ta isa ta sa mai hawan jini ya ajiye maganinsa ba.

Taimaka wa jiki ɗaukar bitamin

Bitamin A, D, E da K a mai suke narkewa, haka ma sinadaran launi da ke cikin karas, tumatir da ganyaye. In babu maiƙo a abinci, kaɗan hanji ke ɗauka, sauran ya wuce. A 2005 masana a Jami'ar Jihar Ohio sun ba mutane salak na latas da alayyafo da karas, wani da fiya giram 150, wani babu. Da fiya, sinadarin bita-karotin da ya shiga jini ya ninka sau 15, lutin kuma sau 5. Bita-karotin shi jiki ke juyawa zuwa bitamin A, wanda ƙarancinsa ke kawo dundumi da raunin garkuwar jiki ga yara. Lutin kuwa yana taruwa a tantanin ido, ita kanta fiya tana da shi, musamman a koren nan da ke manne da ɓawo. Don haka ɓare ɓawon da hannu ya fi kwasar tsokar da cokali.

Wannan aiki na maiƙo ne, ba na fiya kaɗai ba. Kwaɗon zogale ko na rama da aka yi da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa yana yin irinsa, kuma a farashi mai sauƙi. Gidan da ba ya iya sayen fiya bai rasa wani abin da ba shi da madadi ba. Fifikonta shi ne ta haɗa mai da faiba da fotasiyam a wuri guda, ba tare da suya ba.

Hanji, sukari da ƙiba

Faiba shi ne sashen abinci da hanji ba ya narkarwa. Yana tausasa bayan gida, yana rage maƙarƙashiya da yunƙurin da ke tayar da basir, kuma shi ne abincin ƙwayoyin halitta masu amfani da ke babban hanji. Ana so babba ya ci giram 25 a yini, giram 100 na fiya ya ba shi fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Gwajin mako 12 da aka yi wa mutum 163 a Jami'ar Illinois ya nuna masu cin ta kullum sun sami ƙaruwar ƙwayoyin da ke sarrafa faiba.

Ga mai ciwon sukari tana cikin kayan marmarin da ba sa tayar da sukarin jini, kuma maiƙo da faiba na sa abinci ya daɗe a ciki, yunwa ta jinkirta. Amma fa babbar fiya guda na iya haura kalori 300. Wadda aka niƙa da madarar gwangwani da sukari, kamar yadda ake sha a Indunusiya, lissafinta daban ne.

Masu juna biyu da yara

Folet na da hannu a ginin laka da ƙwaƙwalwar jariri, aikin da ke kammala a cikin kwana 28 na farkon ciki, sau da yawa kafin mace ta san tana da shi. Fiya hanya ce mai kyau ta samunsa, sai dai ba ta maye gurbin ƙwayar folik asid da ta ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo. Jariri da ya cika wata 6 ana iya murje masa ita a ba shi tare da nono. Ba ta bukatar dahuwa, ba ta da wuyar haɗiya, kuma tana da kuzari mai yawa a ɗan cokali kaɗan, abin da ƙaramin ciki ke bukata.

Waɗanda za su yi hattara

Mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, balle wanda ake wa wankin ƙoda, jikinsa ba ya fitar da fotasiyam yadda ya kamata, kuma taruwarsa na iya rikita bugun zuciya. Irin wannan sai da iznin likita. Haka masu shan magungunan da ke riƙe fotasiyam, irin su lisinopril da spironolactone, su tambaya kafin su mayar da ita abincin kullum. Mai shan warfarin don hana daskarewar jini kada ya riƙa cin ta da yawa yau, gobe ya bari, saboda bitamin K na rage ƙarfin maganin. Wanda safar hannu ta roba ke sa wa ƙaiƙayi ko borin jini na iya samun haka da fiya, da ayaba, da kiwi.

An yawaita tallata garin ƙwallon fiya da shayin ganyenta a matsayin maganin hawan jini da sukari. Gwaje-gwajen da ake kafa hujja da su a ɗakin bincike da kan ɓeraye aka yi su, ba a tabbatar da amfani ko amincin haka ga mutane ba, har hukumar manoman fiya ta Kalifoniya ta ce ba ta ba da shawarar cin ƙwallon ba. Ganyen da ɓawon da ƙwallon na ɗauke da sinadarin persin, wanda guba ne ga tsuntsaye, zomaye da dawaki, yana kuma kumbura hantsar akuya da saniya masu shayarwa. Masu kiwo a gida kada su zuba wa dabbobi ragowarta.

Zaɓe da ajiya

Fiya ba ta nuna a kan bishiya, sai an tsinko ta. Wadda aka cire kafin ta ƙosa takan yanƙwane ta yi ɗaci, ba ta laushi. Ana gane nunanniya idan aka riƙe ta a tafin hannu aka ɗan matsa ta lotsa kaɗan; latsawa da ɗan yatsa na bar mata tabo baƙi a ciki. Idan da tauri, a naɗe ta a takarda tare da ayaba nunanniya, iskar etilin da ayabar ke fitarwa za ta gaggauta nunarta cikin 'yan kwanaki. Ɗanya ba a sa ta a firij, sanyi na hana ta nuna. A wanke ɓawon kafin a yanka, don wuƙa na iya jan ƙwayoyin cuta daga waje zuwa ciki. Da zarar an yanka, iska na mayar da fuskarta ruwan ƙasa. Matsa mata lemun tsami da rufe ta sosai na jinkirta hakan zuwa washegari. Dahuwa mai tsawo na sa ta ɗaci, don haka a kan dafaffen abinci ake yanka ta bayan an sauke, kamar shinkafa da wake ko dafaffiyar doya.