Gwiwar Madubi: Yadda Masu Duban Taurari Suka Huta da Ciwon Wuya

Birnin Kudu da Gwaram na zaune ne digiri 11 da 'yan kai arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma wannan matsayi yana da ranarsa ga mai sha'awar kallon sama. Wanda ya hau Dutsen Habude ko Dutsen Mesa da tsakar dare a watan Nuwamba, bayan damina ta ɗauke kuma hazo bai riga ya sauka ba, zai tarar da Kaza da 'Ya'yanta a tsakar kansa, sun ɗan karkata arewa kaɗan. Haka wata yake bi, haka Mushtari da Zuhalu suke bi. Ko a shekarar da suka fi yin ƙasa, idan suka kai ƙololuwar tafiyarsu ta dare suna kusan digiri 50 ko fiye daga doron ƙasa. Mutumin Landan kuwa da wuya ya gan su sun wuce digiri 65. Abin da yake kusan ƙarshen rabonsu, a wajenmu farkon rabo ne.

Sai dai wannan ni'ima tana zuwa da wahalarta. Madubin hangen nesa na gargajiya bututu ne miƙaƙƙe, ana dubawa ta gindinsa. Idan ka saita bakinsa tsakar sama, gindin ya komo ƙasa, sai ka durƙusa ka gantsare wuya, ko ka kwanta rigingine a kan dutse. Kafin wani lokaci wuya ya sage, ido ya kasa tsayawa wuri guda, kallo ya gagara. Maganin wannan wata 'yar na'ura ce da ba ta cika tafin hannu ba, mai kama da gwiwar bututun famfo, da ake sawa tsakanin gindin bututun da gilashin da ido ke dubawa. A cikinta akwai madubi a jingine a kan digiri 45, wanda ke karya hasken ya aiko shi sama. Mai kallo sai ya zauna a kujera ya sunkuyar da kai kawai.

Ilimin da gwiwar ta dogara a kansa ya girme ta nesa ba kusa ba. Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alkahira wajen shekarar 1040, ya yi dogon bayani a Kitabul Manazir kan yadda haske ke dawowa daga madubi a bisa kusurwar da ya faɗa masa. Madubin hangen nesa kuwa sai a 1608 ya bayyana a Holan, lokacin da wani mai yin tabarau, Hans Lipperhey, ya nemi a yi masa rajistar mallakarsa. Galileo ya ƙera nasa a 1609, ya ga watanni huɗu na kewaya Mushtari a Janairun 1610. Daga nan aka shiga tseren tsawo, domin gilashin wancan zamani yana yi wa taurari rawani na launuka, kuma tsawaita bututu na rage wannan aibi. Hevelius na birnin Danzig ya kai ga gina wanda tsawonsa ya doshi mita 46, ana ɗaga shi da igiyoyi a jikin dogon itace.

Isaac Newton ne ya kauce wa wannan hanya. A 1668 ya ƙera ɗan gajeren madubin hangen nesa wanda ke tara haske da kwarmin madubin ƙarfe a gindin bututu. Amma sai wata matsala ta taso: hasken na dawowa ne ta bakin bututun, kuma in mutum ya sa kansa a nan ya tare shi. Sai ya kafa ƙaramin madubi shafaffe a karkace kusa da baki, ya tunkuɗo hasken ta gefe. Ba don jin daɗin wuya ya yi ba, larura ce ta sa shi, amma dabarar da gwiwa ke aiki da ita yau ke nan. Ƙarfen madubinsa haɗin jan ƙarfe ne da kuza, wanda ke mayar da kamar kashi biyu cikin uku na haske, ya kuma dusashe cikin 'yan watanni. Madubi biyu a jere ke nan sun cinye fiye da rabin hasken tauraro. Shi ya sa a littafinsa na 1704 ya ba da shawarar a maye gurbin ƙaramin madubin da firizim, wato dunƙulen gilashi mai kusurwa uku. Haske idan ya shiga irin wannan gilashi ya bugi bangonsa na baya a karkace, dukkansa yake juyowa, ba tare da an shafa wa bangon komai ba, don haka babu abin da zai dusashe.

A ƙarni na 19 manyan gidajen duban taurari na Turai kujeru masu kishingiɗa da tsani mai taya suka tanada wa malamansu, yayin da masu safiyo, waɗanda ke gane matsayin wuri ta auna taurari, suka rungumi gilashin ido mai gwiwa a na'urorinsu. A wannan ƙarni ne kayan aikin suka gyaru. Giovanni Amici na Italiya ya fito da firizim mai doro wanda ke miƙe hoto daidai. Justus von Liebig ya gano yadda ake kwantar da azurfa a kan gilashi a 1835, sannan Steinheil a Jamus da Foucault a Faransa suka kai dabarar ga madubin taurari wajen 1856 da 1857. Azurfa na da haske amma tana baƙi, sai a farkon shekarun 1930 John Strong a Amurka ya daidaita hanyar shafa alminiyam a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska.

Gwiwa ta shiga gidajen talakawa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tare da ƙananan madubai masu rahusa daga Japan, masu gurbin gilashin ido mai faɗin inci 0.965. Sannan a 1970 kamfanin Celestron na Tom Johnson ya fitar da C8, gajeren bututu ruwan lemo mai faɗin inci 8 wanda ake dubawa ta baya, kuma kusan ba ya amfanuwa sai da gwiwa. Yau ma'aunin da ya zauna shi ne inci 1.25 da inci 2. Wanda aka aiko wa tsohon madubi mai ƙaramin gurbi ya lura da wannan, don kayan yanzu ba za su shiga ba sai da mahaɗi.

Zancen inganci shi ne inda ake yawan ruɗar mai saye. Za a ce masa alminiyam na mayar da kashi 88 zuwa 90 cikin ɗari, shafin zamani mai hawa-hawa kuma kashi 99, a ninka masa kuɗi. Ido da ƙyar yake rarrabe wannan tazara. Abin da ke ɓata kallo shi ne madubin da ba a goge shi sumul ba, mai watsa haske har zoben Zuhalu ya yi dishi-dishi, da madubin da ya goce daga mazauninsa cikin gidan roba mai sassauci, da kusar ɗauri guda ɗaya da ke barin gilashin ido ya langaɓe. Gwajin ba shi da wuya. Ka saita tauraro mai haske, ka dube shi da gwiwa, ka cire ta ka sake dubawa kai tsaye. In ya fito ɗigo tsaf ba tare da ita ba, ya yi jela ko ya baje da ita, ka san mai laifi. Firizim ya fi dacewa da dogon bututu, wanda nisan tara haskensa ya ninka faɗin bakinsa sau 8 ko fiye. A gajere yakan ƙara launin ƙarya, nan madubi ya fi.

A ganina, a ƙasa irin tamu ƙura ce ya kamata ta yanke hukunci. Hazon hunturu na toshe gefen sama, ya bar tsakar ka kaɗai da ɗan haske, tunda ko ba hazo tauraron da ke digiri 30 haskensa na ratsa iska ninki biyu na wanda ke tsakar ka. Wato lokacin da gwiwa ta fi amfani shi ne lokacin da ƙura ta fi sauka a kanta. Shafin alminiyam na saman gilashi ne, kuma goge shi da bakin riga tare da ƙwayar rairayi guda ya isa ya bar tabo har abada. Firizim da shafin zamani sun fi jure wanki. Kowanne ne dai, a hure ƙurar tukuna da 'yar robar hura iska, a rufe bakunan biyu da murfi da zarar an gama.

Akwai halin gwiwa guda da ya shafi duban jinjirin wata. Juyi ɗaya na madubi yana tsayar da hoto, sama a sama, amma yana musanya dama da hagu. Jinjirin wata a wajenmu a kwance yake fitowa, ƙahonninsa na duban sama, ya ɗan kishingiɗa gefe guda gwargwadon inda rana ta faɗi. Mai shaida daga Gwaram ko Birnin Kudu, wanda maganarsa za ta bi ta hannun hakimi zuwa fadar Dutse har ta kai ga kwamitin Sarkin Musulmi, idan ya gan shi ta gwiwa zai siffanta karkatarsa a juye, alhali gaskiya ya faɗa. In kuma ya murɗa gwiwar gefe don ya ji daɗin zama, hoton ma murɗewa yake yi. Firizim ɗin Amici na gyara dama da hagu, ko da yake doronsa na ja wa taurari masu haske siririn layi idan aka ƙara girma sosai. Mafi sauƙi ga jinjirin wata shi ne a dube shi da madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda ke nuna abu yadda yake, tunda a gefen yamma yake ƙasa-ƙasa, inda wuya ba ya wahala. Kuma kada a saita kowane irin gilashi wajen sai rana ta gama faɗuwa, domin haskenta ta cikinsa na makantarwa nan take.