Bututun Gwajin Iska da Iyakar Lissafin Kwamfuta

A shekarar 1975 Dean Chapman da abokan aikinsa na cibiyar Ames ta NASA a Amurka suka yi hasashen cewa kwamfuta za ta karɓe yawancin aikin bututun gwajin iska. Bayan rabin ƙarni bututun yana nan yana aiki, kuma a ganina tsarin lissafin ne da kansa ya wajabta hakan.

Ƙa'idojin Navier da Stokes, masu bayyana gudun iska, sanannu ne tun ƙarni na 19. Wahalar tana wajen warware su idan iska ta hargitse, domin manyan murɗe-murɗenta suna farfashewa zuwa ƙanana, su ma su sake farfashewa. Mai son lissafa kowace murɗa zai tarar cewa duk lokacin da lambar Reynolds, wadda ke ƙaruwa da saurin iska da girman abin da take bi ta kansa, ta ninka sau 10, aikin kwamfuta yakan ninka kusan sau 1,000. Shi ya sa injiniyoyi ke lissafa matsakaicin gudun iska kawai, su cike giɓin hargitsin da ƙiyasi, irin tsarin Spalart da Allmaras na 1992. Ƙiyasi kuwa sai da shaida.

Dubi samfurin motar da S. R. Ahmed ya gwada a Jamus a 1984: akwati ne mai zagayayyen goshi da gangaren baya. Turjiyar iska tana ta hauhawa yayin da gangaren ke kusantar digiri 30, sai kuma ta faɗi kwatsam. Da masu bincike a Erlangen suka auna gudun iskar da hasken leza, an ga tsarukan ƙiyasi sun kusanci gaskiya a digiri 35, inda iskar ke rabuwa da jikin gaba ɗaya. A digiri 25, inda take rabuwa sannan ta sake mannewa a kan gangaren, akasarinsu sun kauce. Da babu awon, wa zai san a wace kusurwa lissafin ya ɓata? Hotunan da kwamfuta ta fitar duka biyun suna da kyan gani.

Sai dai shi ma bututun ba ma'asumi ba ne. Bangonsa yana matse iska, sandar da ke riƙe samfuri tana dagula ta. Saboda haka dole mai gwaji ya rubuta hargitsin iskar da ke shigowa, da siffar bangon, da girman kuskuren na'urorinsa, domin mai lissafi ya kwaikwayi bututun yadda yake. Kuma ya dace a riƙe sakamakon awo har sai an miƙa hasashen kwamfuta, don tsarin da aka daidaita bayan an ga amsa bai tabbatar da komai ba game da motar da ba a ƙera ba tukuna.