Daga Hatimin Kakana Zuwa Lambar da Ba Ta Rabuwa

A zauren kakana a Kabo na fara ganin hatimi: gidaje tara, kowanne da lambarsa, ta ko'ina aka haɗa layi sai ya ba da 15. Muna yara asiri muka ɗauke shi. Sai da na shiga jami'a na gane cewa lissafi ne tsantsa, kuma wani Bakatsine ya yi fice a kansa tun ƙarni na 18.

Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi ya yi karatu a ƙasar nan, ya tafi aikin Hajji, sannan ya zauna a Alƙahira. A shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara a kowane gefe. Cikin dabarunsa akwai jera lambobi bisa tsallen doki a wasan shaɗaranji, wato gida biyu gaba, ɗaya gefe. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar.

A nan ne hatimi ya haɗu da lambobin da ba sa rabuwa, waɗanda babu mai raba su daidai sai 1 da su kansu, irin su 5, 7 da 11. Duk irin wannan lamba da ta haura 3, ba ta rabuwa da 2 ko 3. Saboda haka idan ita ce yawan gidajen gefe, tsallen doki yana iya ba da hatimin da hatta karyayyun layukansa na kusurwa jimlarsu ɗaya ce: 65 ga mai gidaje biyar, 175 ga mai bakwai.

Shekara 31 bayan rasuwarsa, Euler ya tabbatar da cewa 2,147,483,647 ba ta rabuwa. A Oktobar 2024 kuwa aka gano wata da kwamfuta, wadda rubuta ta ke cin alƙaluma 41,024,320. Ko ita, ƙa'idar nan ta hau kanta, ko da yake babu allon da zai ɗauki hatiminta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, ɗan ƙasarmu ne ya taimaka wajen tono wannan malami. A 1967 Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Kano, ya wallafa nazari a Ibadan kan yadda al-Kashinawi ya bayyana ilimin ramzi. Amma har na gama sakandare a Gwarzo ban taɓa jin sunan ɗayansu a aji ba.

Kakana ya rasu, takardunsa suna cikin gafaka, gara ta fara cin gefensu. Na ɗauko su, ina kwafe hatiman ɗaya bayan ɗaya, ina gwada jimlar kowane layi.