Mudra Afrique: Makarantar Rawar da Ta Rayu a Inuwar Senghor

A shekarar 1977 aka buɗe wata makaranta a Dakar, babban birnin Senegal, domin horar da matasan Afirka a fannin rawa da wasan dandamali. Sunanta Mudra Afrique. Mutum biyu ne suka assasa ta: Léopold Sédar Senghor, shugaban ƙasar kuma mawallafin waƙoƙi, da Maurice Béjart, shahararren mai tsara raye-raye na Faransa, wanda aka haifi mahaifinsa, Gaston Berger, a garin Saint-Louis na Senegal. Tun 1970 Béjart ya kafa makarantar Mudra a Brussels, saboda haka ta Dakar ta zama tamkar ƙanwarta.

Senghor yana ganin al'ada ce ginshiƙin ci gaban ƙasa. Shi ya sa ya ba makarantar masauki a Musée Dynamique, gidan adana kayan fasaha da aka gina domin bikin fasahar baƙar fata na duniya na 1966. Aka damƙa ragamarta a hannun Germaine Acogny, wadda aka haifa a Benin a 1944, ta kuma tashi a Senegal.

Ɗalibai sun zo daga ƙasashen Afirka daban-daban. Ana koya musu rawar bale ta Turai, da rawar zamani, da raye-rayen gargajiya na nahiyar, haɗe da waƙa da wasan kwaikwayo. Babban makaɗin Senegal Doudou Ndiaye Rose na cikin masu koyar da kiɗa. A nan ne Acogny ta inganta salonta, wanda ya dogara ga motsin ƙashin baya, ta kan kuma kwatanta tsayuwar mai rawa da ta bishiyar kuka ko rimi. A 1980 ta wallafa littafinta kan rawar Afirka. Manufar ita ce rawar da aka gada a dandali ta zama ilimi mai ƙa'ida, wanda za a koyar a aji.

Sai dai makarantar ba ta da madogarar da ta wuce yardar shugaban ƙasa da tallafin waje. A ƙarshen 1980 Senghor ya sauka daga mulki bisa raɗin kansa, Abdou Diouf ya gaje shi. Lokacin kuwa fari da faɗuwar darajar gyaɗa sun durƙusar da tattalin arzikin Senegal, gwamnati ta rungumi tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya. Kuɗin al'adu na cikin na farkon da aka zaftare. Bayan kimanin shekara biyar da buɗewa, aka rufe Mudra Afrique. Daga baya ginin ya koma Kotun Ƙolin ƙasar.

Abin da aka koyar bai bi ginin ba. Irène Tassembédo, ɗaya daga cikin ɗaliban, ta kafa tata makarantar a Wagadugu, Burkina Faso. Ita kuwa Acogny, bayan shekaru a Turai, ta dawo gida tare da mijinta Helmut Vogt, suka kafa École des Sables a ƙauyen masunta na Toubab Dialaw, inda aka fara horo a 1998. A wannan karon ba ta jingina makarantar da fadar shugaban ƙasa ba. A 2021 bikin Biennale na birnin Venice ya ba ta lambar Zakin Zinariya saboda hidimar da ta yi wa rawa tsawon rayuwarta.