Rijiyar Kusugu da Asalin Aikin Lambu a Ƙasar Daura

Duk wanda ya shiga makarantar elemantare a ƙasar Hausa ya ji labarin rijiyar Kusugu: macijin nan mai suna Sarki da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ran Juma'a, da baƙon nan Bayajida wanda ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba, ya karɓi guga ya tafi da dare ya sare kan macijin. Masu binciken tarihi, tun daga Palmer wanda ya buga labarin cikin 1928 har zuwa M. G. Smith wanda littafinsa kan sarautar Daura ya fito cikin 1978, galibi wajen sarauta suka mai da hankali, watau yadda mulki ya fita daga hannun Magajiya Daurama ya koma ga Bawo da 'ya'yansa. Amma a ƙasan zancen sarautar akwai zancen ruwa. Garin da ake ba da labarin yana shan rijiya ɗaya, sau ɗaya a mako, gari ne da ya san tsadar ruwa, kuma duk tarihin lambu a wannan ƙasa daga nan ya ke farawa.

Abin da ya sa wannan magana ta cancanci a tayar da ita shi ne, akwai malamai masu yawa da suka tashi da zaton cewa renon iri da dashe da ban ruwa dabara ce da Turawa suka kawo, don kuwa a lambun makaranta suka fara ganin an ja igiya an yi layi. Wannan zato ba shi da tushe, kuma harshen Hausa da kansa ya isa shaida.

Kayan lambu sun kasu bisa ga sunayensu. Akwai na gargajiya, irin su kuɓewa da gauta da yalo da yakuwa, waɗanda asalinsu na Afirka ne. Akwai kuma albasa da alkama, waɗanda suka shigo da al ɗinsu ta Larabci manne a gaba. Greenberg, cikin nazarin da ya yi a 1947, ya sa irin waɗannan kalmomi a rukunin tsofaffin aro, waɗanda aka ji a bakin fatake, ba a cikin littafi aka tsince su ba. Barth ma, wanda ya ratsa Katsina da Kano cikin 1851, ya tafi a kan cewa Larabawa ne suka kawo albasa da alkama ƙasashen nan. To, su biyun nan amfanin rani ne, sanyin hunturu su ke so, sa'ad da babu ɗigon ruwan sama. Ke nan duk inda aka saba nomansu, an riga an san ban ruwa. Rukuni na uku ne kaɗai na Turawa: tumatir da kabeji da latas da karas. Wannan ta ƙarshe tana da ban sha'awa, gama jam'in kalmar Bahaushe ya ji a bakin Bature, ya ɗauke ta duk da s ɗin da ke ƙarshenta.

Sai dai shaidar suna tana da iyaka, kuma ya kamata mai koyarwa ya gargaɗi ɗalibansa. Barkono da tattasai suna da kamannin Hausa tsantsa, alhali kuwa asalinsu Amurka ne, ba su ƙetaro teku ba sai bayan 1492. Masara kuma sunanta hanyar da ta biyo ya nuna, watau Masar, bai nuna mahaifarta ba.

Kayan aikin mai lambu na dā shi ne jigo: doguwar sanda a kan gicciyen itace, curin laka a gindinta, guga a bakinta. Irinsa ne manoman bakin Nilu ke aiki da shi tun zamanin Fir'aunoni. Amfaninsa nauyin lakar ne ke ɗaga ruwa, illarsa kuwa ba ya kaiwa nesa, da ƙyar ya wuce tsayin mutum biyu. Saboda haka jigo bai taɓa zama abin rijiyar cikin gari irin Kusugu ba, wadda sai da igiya. Wurinsa fadama, inda ruwa ke kusa. Ƙasar Daura kuwa jigawa ta fi yawa, damina wajen wata huɗu ce, fadama kaɗan. Wannan ya raba aikin lambu gida biyu: na kasuwa a fadama, a hannun maza, da na miya a cikin gida, wanda yawancinsa a hannun mata ya ke.

Na cikin gidan nan shi ne littattafai suka fi mantawa da shi, shi ne kuma ya fi nuna gwaninta. Ruwan da aka ɗauko a ka, ko aka saya wurin 'yan ga-ruwa, ba a zuba wa ƙasa shi sabo. Abin da a ke ba shuka shi ne ruwan da ya riga ya yi aiki: na alwala, na wankin hatsi, da wanda ke tsatsafowa daga gindin randa. Shi ya sa a tsofaffin gidaje za a tarar da zogale da lalle da ɗoɗɗoya a bakin makwarara. Iri mai ƙanana kamar na barkono da gauta a kan rene shi cikin fasasshiyar tukunya ko tsohon kasko, a haɗa yashi da ruɓaɓɓen taki, a ajiye a inuwar katanga, a kewaye da ƙaya saboda kaji da awaki. Ba a kwarara masa ruwa. A kan shimfiɗa ciyawa a bisa, a yayyafa da hannu ko da tsintsiya da safe da yamma, don kada ruwa ya kwashe irin ko ya tone saiwa. Idan ya tsiro a janye ciyawar. Tsofaffi sun san ruwa in ya yi yawa tsiron ya kan ruɓe daga gindi ya kwanta dare ɗaya. Masana aikin gona sun tabbatar daga baya cewa wata cuta ce da ke yaɗuwa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ruwan sabulu kuwa a kan kiyaye shi daga ƙaramin tsiro. In dashe ya gabato, bayan mako huɗu ko biyar ga tumatir, shida zuwa takwas ga albasa, sai a rage ruwa a ƙara nuna wa tsiron rana don ya yi ƙwari, sa'an nan a dasa da la'asar.

Sauye-sauyen sarauta ba su taɓa wannan tsari sosai ba. Fulani sun ci Daura a farkon jihadi, gidan Haɓe ya watsu zuwa Zango da Ɓaure, Turawa suka mai da Malam Musa birnin cikin 1906, amma mai lambu yana nan da jigonsa. Abin da ya girgiza shi shi ne farin 1972 zuwa 1974, sa'ad da rijiyoyi da yawa suka ja baya, hukuma kuma ta juya ga noman rani. Cikin shekarun 1980 ƙananan injunan ban ruwa masu shan fetur da rijiyoyin burtsatse suka bazu a Arewa, shirin Fadama na ƙasa wanda Bankin Duniya ya tallafa ya biyo baya a farkon shekarun 1990. Madatsun ruwa irin na Daberam da Sabke suka buɗe wa manoman yankin fili. Cikin tsawon rayuwar mutum ɗaya jigo ya kusan ɓacewa, kalmar da kanta ta fi rayuwa yanzu a ma'anarta ta aro, watau jigon jam'iyya ko jigon littafi, har ɗalibi ya kan rubuta ta sau goma cikin jarrabawar adabi bai taɓa ganin sandar ba. Ƙamus na Bargery, na 1934, ya adana kalmomin sana'ar da dama, amma na mata a cikin gida sai an shiga an tambaye su, kuma masu iya ba da amsa tsufa su ke yi.

Ita kuwa Kusugu, an gina mata ɗaki an rufe ta, tana nan da ruwanta a cikin birnin Daura. Baƙi ne ke zuwa a jawo musu guga su sha.